Janar Papagos na Girka: shi ya ci yaƙin Albaniya, ko shi ya bar sojojinsa a tarko?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Satin nan ina so mu leƙa Girka, mu yi magana kan Alexandros Papagos. An haife shi a Atina a 1883, ɗan janar ne, ya yi makarantar soja a Beljiyam, ya shiga rundunar mahaya dawaki a 1906. Shi ne babban kwamandan sojojin Girka lokacin da Musolini ya auka musu ranar 28 ga Oktoba 1940. Kowa ya ɗauka sati biyu ya ishi Italiya ta gama da su. Sai ga Girkawa sun tare su a kan duwatsu, sun kora su har cikin Albaniya, suka ƙwace garin Koritsa ranar 22 ga Nuwamba. A lokacin Faransa ta riga ta faɗi, Turai duk ta yi laƙwas, wannan ita ce babbar nasara ta farko da aka samu a doron ƙasar Turai kan ɓangaren Hitila. Amma wata biyar da 'yan kwanaki bayan fara yaƙin Jamus ta shigo, cikin sati uku komai ya rushe, mafi yawan sojojin Girka kuma suna can cikin Albaniya an datse musu hanyar komawa gida. Abin da nake gani shi ne, taurin ran da ya sa ya tsaya wa Italiya, shi ne ya hana shi janye yaransa a kan kari. Ina so in ji ta bakinku, musamman Saje da ya ɗanɗani bakin daga.

Baba Saje: Wa alaikumus salam Malam. Ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da Italiyawan nan ya yi faɗa, amma a Habasha. Yana cikin birged ɗin Najeriya da suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu 1941, suka miƙe a manyan motoci har Harar. Wato lokacin da Girkawa ke shan ƙanƙara a Albaniya, su Baba suna haɗiyar ƙura a Somaliya, abokin gaba kuwa ɗaya. Lambarsa tana nan cikin adakar mahaifiyarmu, a naɗe cikin tsohon ɗankwali, zaren ma ya koɗe. Shi ya sa maganar nan ba baƙuwa ba ce a wurina. Zan faɗi ra'ayina, amma bari yara su fara.

Auwalu Kumasi: Allah ya gafarta Malam, ni tun daga tushe ban yarda shi ya ci yaƙin ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda ya tare Italiyawa a Kalpaki, kusa da kogin Kalamas, Manjo Janar Katsimitros ne, kwamandan runduna ta 8. Hedikwata a Atina ta ba shi damar ja da baya in ya ga abin ya fi ƙarfinsa, shi ya zaɓi ya tsaya. A tsaunukan Pindos kuma Kanar Davakis ne da 'yan sojoji ƙalilan suka jure wa rundunar Julia ta Italiya, ƙwararrun hawan dutse, har ɗauki ya iso. Matan ƙauyukan Pindos su suka riƙa goya akwatunan harsasai suna hawa da su inda ko alfadari ba ya iya bi. Papagos yana otal a Atina yana duba taswira. Ina jarumtar take?

Baba Saje: Ɗana Auwalu, a nan ka yi kuskure. Aikin babban kwamanda ba riƙe bindiga ba ne. Ka tambayi kanka, ɗaukin da ya iso Pindos daga ina ya fito, wa ya tsara yadda za a tara shi? Ƙasa mai duwatsu, titi kaɗan, layin dogo kaɗan, a ce cikin sati biyu an kira mazajen ƙauye, an ba kowa kaki da bindiga, an kai shi inda ake bukatarsa, har ranar 14 ga Nuwamba an juya daga kare kai zuwa kai farmaki. Wannan ba ya faruwa sai an yi shekaru ana rubuta wa zai je ina, a wane jirgin ƙasa, alfadarai nawa. Tun Agusta 1936 yake babban hafsan sojojin ƙasa, aikin da ya yi ke nan. Na taɓa kwana biyu a wani wuri muna jiran motar abinci da ba ta zo ba saboda wani a ofis bai sa hannu a takarda ba. Mun raba garin kwaki da murfin kwalba. Tun ranar na san darajar hafsan da ke zaune da taswira in ya san aikinsa.

Auwalu Kumasi: Na ji wannan Baba, na kuma karɓa. Amma ai shirin nasa ma rabi ne. Kuɗin tsaron ƙasar ya tafi ne wajen gina ganuwar Metaxas, mai sunan firaministan Girka na lokacin, a iyakar Bulgariya, don Bulgariya suke tsoro. Ɓangaren Albaniya sai da Italiya ta mamaye ta a Afrilu 1939 sannan aka farga.

Zainabu Maraɗi: Ina wuni iyayenmu. Ni ina karatu a Turkiyya, kuma ina so in mayar da mu baya kaɗan, don ba za a gane mutumin nan ba sai an san rigimar sarki da Venizelos. A yaƙin duniya na ɗaya Girka ta rabu biyu: Sarki Konstantin yana son a zauna 'yan ba-ruwanmu, firaminista Venizelos yana son a bi Ingila da Faransa. Sojoji ma suka rabu. Papagos na sarki ne tun yaƙoƙin Balkan na 1912 da 1913. Da aka sauke sarkin a 1917 sai aka kore shi daga aiki, aka tura shi zaman ɗaurin talala a tsibirai. Aka dawo da shi a 1920 da 'yan sarauta suka ci zaɓe, ya je yaƙin da Girka ta yi da Turkawa a Anatoliya a rundunar dawaki. Aka sake korarsa a 1923, aka sake dawo da shi bayan 'yan shekaru. Mutumin da aka tuɓe wa kaki sau biyu saboda siyasa, ya za a yi ya raba soja da siyasa a ransa?

Sannan ya ga abin da ya faru a 1922 da idonsa. A nan Turkiyya har yau ana bikin ranar 30 ga Agusta, ranar da Mustafa Kemal ya karya rundunar Girka, ana kuma bikin 9 ga Satumba a Izmir. A wajensu nasara ce. A wajen Girkawa kuwa runduna ce da ta fara ja da baya, sai janyewar ta koma gudun ceton rai har bakin teku. Bayanta aka yi musayar jama'a, Kiristoci fiye da miliyan ɗaya suka bar Anatoliya, Musulmi kimanin dubu 400 suka bar Girka. A Atina kuma aka harbe mutum shida da aka ɗora wa laifi, har da babban kwamandan rundunar. Ina ganin duk hafsan Girka da ya rayu a wannan shekara, kalmar "janye" tana da wani ɗaci a bakinsa.

Malam Habu: Madalla 'yata, Allah ya yi miki albarka. Wannan shi ne abin da nake laluben yadda zan faɗe shi. Bari in kawo maganar Tatoi, don a nan ƙullin yake. Metaxas ya rasu ranar 29 ga Janairu 1941. Ranar 22 ga Fabrairu aka yi zama a fadar sarki da ke Tatoi, da Anthony Eden ministan harkokin wajen Birtaniya, da Janar Dill, da Janar Wavell. Kowa ya san Jamus na tafe ta Bulgariya. Aka yi magana cewa za a tattara ƙarfi a layin kogin Aliakmon, wanda ya fi gajarta, ya fi sauƙin karewa. Turawan Ingila suka tashi da fahimtar cewa Papagos zai fara kwashe sojoji daga iyakar Bulgariya nan take. Shi kuma ya tashi da fahimtar cewa sai an ji matsayar Yugoslabiya tukuna, domin in za ta shiga yaƙin a ɓangarensu, ba ta da wata tashar jirgin ruwa da za a kai mata kaya sai Salonika ta arewacin Girka, barin Salonika kuwa tamkar ce mata ne ta nemi wa kanta mafita. Eden ya dawo farkon Maris ya tarar ba wanda ya motsa. Daga nan ƙarfin ya kasu uku: wasu a ganuwar Metaxas, wasu tare da sojojin Ostareliya da New Zealand a Aliakmon, mafi yawa kuma a Albaniya. Jamus ta shigo ranar 6 ga Afrilu, ta zagaye ganuwar ta cikin Yugoslabiya, ranar 9 ta shiga Salonika. Umarnin janyewa daga Albaniya bai fita ba sai wajen 12 ga wata, lokacin tankokin Jamus sun riga sun sauko ta Monastir da ke kudancin Yugoslabiya suna neman bayansu. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Me ya hana shi yi tun Maris?

Baba Saje: To yanzu zan faɗi nawa. Malam, a takarda kana da gaskiya. Amma ka tuna me ke faruwa a watan Maris ɗin. Ranar 9 ga Maris Italiya ta kawo farmakinta mafi girma, Musolini da kansa ya zo Albaniya yana kallo. A tudun da ake kira 731 an yi kwanaki ana ruwan igwa har kan tudun ya sauya kama, Girkawa ba su matsa ba. Ka ce wa waɗannan yaran, da suka binne 'yan'uwansu a ƙarƙashin duwatsun nan, wasunsu an yanke musu yatsun ƙafa saboda sanyi, su tashi su bar wa mutumin da suka kayar wurin, su taka a ƙasa kwana da kwanaki, ba motoci, jiragen sama na bin su a kwazazzabai? Ba a janye runduna tana manne da abokin gaba sai da motoci da kariya ta sama, shi kuwa ba shi da ko ɗaya. Kuma soja ba katako ba ne. In ya ji an ce ya bar abin da ya saya da jini ba tare da an kayar da shi ba, abu na farko da zai tuna shi ne gonarsa da matarsa. Da aka ba da umarnin a Afrilu ai abin da ya faru ke nan, wasu rundunoni suka fara narkewa a hanya. Gaba kura, baya sayaki. Ni ban ce ya yi daidai ba. Na ce ban ga ƙofar da zai bi ya fita da rundunarsa cikakkiya ba.

Malam Habu: Saje, wannan magana ta shige ni. Amma ko da Albaniya ba ta janyuwa, na iyakar Bulgariya fa? Waɗanda suka riƙe sansanin Rupel sun yi faɗan da Jamusawa kansu suka jinjina musu, amma an bar su ne a wurin da aka san za a zagaye.

Baba Saje: Wannan kam na ba ka. Nan ya jira Yugoslabiya fiye da kima.

Dakta Nasiru: Salamu alaikum. Na yi shekara uku a Atina, bari in ƙara abin da na gani. Ranar 28 ga Oktoba hutu ce a ƙasar, suna kiranta ranar "Ohi", wato ranar "A'a", saboda amsar da Metaxas ya ba jakadan Italiya Grazzi da ya tashe shi da tsakar dare da takardar wa'adi. Na tsaya a bakin titi a unguwarmu na ga 'yan makaranta suna maci, riga fara, siket ko wando shuɗi, ɗalibin da ya fi ƙoƙari shi ke riƙe tuta. Wata tsohuwa kusa da ni tana riƙe da hoton wani saurayi cikin kakin soja, gilashin hoton ya tsage ta gefe, tana ɗaga shi duk lokacin da wani aji ya wuce. Ban ji yara suna kiran sunan wani janar ba. Akwai unguwa guda a Atina mai suna Papagu, da mutum-mutuminsa a kan doki kusa da ma'aikatar tsaro, amma in ka ambace shi a gaban mutum biyu za ka iya jin amsa biyu. Kuma ba kan Albaniya suke saɓawa ba, kan 1949 ne.

Hajiya Binta: Dakta ka riga ni. Ni duk maganar dabarun yaƙi ban iya ba, amma ina so a faɗi wannan. Mutumin nan ranar 10 ga Oktoba 1935, shi da shugaban sojan ruwa da na sama, suka tilasta wa firaminista Tsaldaris ya sauka. Juyin mulki ne ko wane suna aka ba shi. Aka dawo da Sarki George na biyu da ƙuri'ar raba gardama da aka ce kashi 97 da wani abu cikin 100 sun amince, wadda masana tarihi ke cewa an yi maguɗi a cikinta. Bayan nan ya yi wa mulkin kama-karya na Metaxas aiki. Hafsoshi da yawa na ɓangaren Venizelos da aka kora a 1935 ba a dawo da manyansu ba ko da yaƙi ya ɓarke. Wanda aka kora sau biyu ya san zafin abin, amma da dama ta zo hannunsa bai sauya salon ba.

Auwalu Kumasi: Hajiya kin faɗi abin da ke raina.

Malam Habu: Duk gaskiya ne Hajiya, ba zan kare shi a nan ba. Amma a sa wannan ma a ma'auni. Ranar 20 ga Afrilu 1941 Janar Tsolakoglu ya sa hannu a takardar miƙa wuya ba da izinin Papagos ba, daga baya kuma Jamusawa suka naɗa shi shugaban gwamnati. Katsimitros ɗin da Auwalu ya yaba, gwarzon Kalpaki, ya karɓi kujerar minista a wannan gwamnati, bayan yaƙi har aka ɗaure shi. Sarki da gwamnati suka fice zuwa tsibirin Kirit, daga can Masar. Papagos bai bi su ba, bai kuma karɓi kujera ba. Ya zauna a ƙasar, a 1943 ya haɗa wata ƙungiyar asiri da wasu janar-janar, Jamusawa suka kama su a watan Yuli suka kai su sansanonin gwale-gwale, har da Dachau. Yana da shekara 59 lokacin da aka kama shi. Sai a Mayu 1945 sojojin Amurka suka same su a yankin Tirol.

Zainabu Maraɗi: Kanar Davakis kuma bai ga ƙarshen yaƙin ba. Italiyawa sun kama shi, jirgin ruwan da ke kai shi Italiya aka nutsar a Janairu 1943.

Baba Saje: Allah sarki. Ban san wannan ba 'yata.

Dakta Nasiru: Bari in ƙarasa ta 1949. Yaƙin basasa da 'yan gurguzu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa tun 1946, duk da kuɗi da makaman Amurka da suka fara shigowa a 1947. A Janairu 1949 aka sake kiran Papagos, ya ce ba zai karɓa ba sai an ba shi cikakken iko, 'yan siyasa su cire hannu. Aka ba shi. Ya tsananta da'a, ya sauke kwamandojin da ke jan ƙafa, ya hana a bar 'yan tawaye su huta bayan an kore su daga wuri. A ƙarshen Agusta aka gama da su a tsaunukan Vitsi da Grammos, ranar 28 ga Oktoba 1949 aka ba shi muƙamin fil mashal. Amma a yi adalci: Tito, shugaban Yugoslabiya, ya rufe wa 'yan tawayen iyakar ƙasarsa a Yuli, shugaban 'yan gurguzun Zachariadis ya yi kuskuren barin yaƙin sunƙuru ya tsaya gaba da gaba, ga Janar Van Fleet na Amurka, ga jiragen sama da bam ɗin napalm. Ga kuma farashin. An kwashe dubban ɗaruruwan mutane daga ƙauyukan duwatsu don kada 'yan tawaye su sami abinci. Tsibirin Makronisos cike yake da waɗanda ake azabtarwa don su sa hannu cewa sun tuba. Maƙwabcina a Atina, dattijo ne mai gyaran takalma, ya ce mini kakarsa ta bar ƙauyensu da akuya biyu da bargo, ba ta sake komawa ba, yanzu ƙauyen sai bangaye. Bai ɗaga murya ba da yake faɗa mini, yana ta buga ƙusa a dunduniyar takalmi.

Hajiya Binta: To ka ji. Waɗannan matan na duwatsu, wataƙila su ne dai suka goya harsasai a 1940.

Auwalu Kumasi: Daga nan kuma ya tuɓe kaki ya shiga siyasa, kamar yadda muka saba gani a ƙasashenmu.

Malam Habu: Auwalu, kamar ta yi kama, amma ka duba yadda ya shiga. Ya saɓa da fadar Sarki Paul, ya ajiye aiki a ƙarshen Mayu 1951. A daren wasu hafsoshi na wata ƙungiyar asiri a cikin soja mai suna IDEA suka fito za su ƙwace mulki su miƙa masa. Shi da kansa ya umarce su su koma bariki. Ya kafa jam'iyya, ya zo na ɗaya a zaɓen Satumba 1951 ba tare da rinjayen kafa gwamnati ba, ya jira, a Nuwamba 1952 ya sami kashi 49 cikin 100 na ƙuri'u da kujeru mafi rinjaye. Shi ya kai maganar tsibirin Kubrus, wanda ke ƙarƙashin mulkin Ingila a lokacin, Majalisar Ɗinkin Duniya a 1954, abin da ya ɓata tsakaninsa da Ingila. Ya rasu a kan mulki ranar 4 ga Oktoba 1955, Karamanlis ya gaje shi.

Hajiya Binta: Ya mayar da su bariki, amma Malam an hukunta su?

Malam Habu: Ba a hukunta su ba Hajiya, afuwa aka yi musu. Kuma daga cikin wannan gidan ne kanar-kanar ɗin da suka yi juyin mulkin 21 ga Afrilu 1967 suka fito, suka riƙe ƙasar shekara bakwai.

Baba Saje: Wannan ita ce ta fi damuna, fiye da Tatoi. Kuskuren fagen fama kowane kwamanda yana yi, wani lokaci ma ba shi da zaɓi. Amma soja ya fito da bindiga da dare ba umarni, gari ya waye ya koma ɗakinsa ya ci gaba da karɓar albashi, ƙananan da ke kallo sun koyi darasi. Mutumin da ya sauke kwamandoji a 1949 saboda jan ƙafa ya san wannan sarai. Sai dai shi ma ya yi irinta a 1935, da wane baki zai hana?

Zainabu Maraɗi: Baba, in da ku ne a Albaniya a watan Maris ɗin nan, aka ce ku janye, za ku bi?

Baba Saje: Zan bi 'yata, umarni ne. Amma zan fara zagayawa in ƙirga yarana, in ga nawa ne ƙafarsu za ta iya taka ƙasa. Waɗanda ba za su iya ba, sai an gaya mini alfadarai nawa za a ba ni kafin in ɗaga ko tanti ɗaya.